Gwajin Manhajar Kwamfuta: Darasi Domin Ɗalibin da Zai Je Koyon Aiki

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu da suke aji shida suna da burin karanta ilimin kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha. In Allah ya cika musu wannan buri, kafin su gama karatu za a tura su wani kamfani ko ma'aikata su yi watanni suna koyon aiki. Ɗalibi yakan tafi da zaton za a ba shi kujera ya fara rubuta manhaja tun ranar fari. Sau da yawa kuwa abin da ake ce masa shi ne, ga manhajar da waɗansu suka rubuta, ka gwada ta, ka gaya mana inda ta kasa. Waɗansu sukan ɗauki wannan a kan raini, su yi aikin da rabin zuciya, su dawo makaranta ba su koyi kome ba.

A cikin wannan darasi za mu duba abin da aikin gwaji yake nufi, da yadda ake yinsa, da dalilin da ya sa ake bukatar mai gaskiya a kansa. Mu malamai mun saba da kalmar manhaja a ma'anar tsarin darussa na shekara. A nan muna nufin jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta yi wani aiki, kamar lissafin albashi, ko tura kuɗi, ko fitar da sakamakon jarrabawa.

Shirin koyon aiki a ƙasarmu

Gwamnatin Nijeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a shekarar 1971, hedkwatarsa kuwa tana Jos. A shekarar 1973 wannan hukuma ta fito da shirin SIWES, domin masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai suna fitowa da ilimin littafi amma ba su san makamar aiki ba. A ƙarƙashin shirin, ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi kamar wata huɗu a wurin aiki, na jami'a kuma kamar wata shida. Ana ba kowane ɗalibi littafi inda zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana. Mai duba shi a wurin aiki yana sa hannu, wani malami kuma yana zuwa daga makaranta ya ga yadda yake ciki. A ƙarshe ɗalibin ya rubuta rahoto, a ba shi maki.

Kamfanonin da suke rubuta manhaja suna da dalilin sa baƙon ɗalibi a sashen gwaji. A can zai san manhajar ciki da waje ba tare da ya taɓa abin da zai ɓata ta ba. Ban da haka, idon baƙo yana da amfani. Wanda ya rubuta manhaja ya riga ya san hanyar da ya shirya a bi, hannunsa kuwa yakan bi ta nan ko bai yi niyya ba. Baƙo bai san hanyar ba, saboda haka yakan danna abin da mai rubutun bai taɓa tunanin wani zai danna ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa mu ma ba ma ba ɗalibi takardar jarrabawarsa ya yi wa kansa maki.

Mene ne gwaji?

Kafin a rubuta manhaja, akan rubuta takardar bukatu, inda ake bayyana abin da ake so manhajar ta yi. Gwaji shi ne a kwatanta abin da manhajar ta yi da abin da takardar ta ce ta yi. Saboda haka kowane gwaji yana da kashi uku: abin da muka shigar, abin da muke sa ran gani, da abin da muka gani a zahiri. Lalle ne a rubuta abin da ake sa ran gani tun kafin a danna maɓalli. In ba a yi haka ba, ido yakan karɓi duk abin da ya fito a kan daidai ne.

A shekarar 1979 wani masani Ba'amurke, Glenford Myers, ya wallafa littafi a kan wannan fanni, inda ya koyar da cewa ana gudanar da manhaja a wurin gwaji da niyyar gano kuskure ne. A ganinsa, gwajin da ya tono kuskure shi ne ya yi nasara. Wannan yana da wuya ga ɗalibin da ya saba murna sa'ad da kome ya tafi daidai. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta daga ƙasar Holan, ya kuma yi gargaɗi cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu shi. Don haka mai gwaji na kirki ba ya cewa manhaja ba ta da aibu. Abin da yake faɗa shi ne, na gwada kaza da kaza, ga abin da na samu, ga kuma abin da ban kai ga gwadawa ba.

Abin da ƙaramin kuskure ya jawo

Bari mu duba abubuwa uku da suka faru, domin mu ga nauyin wannan aiki.

Na fari, injin asibiti mai suna Therac-25, wanda wani kamfanin ƙasar Kanada ya ƙera domin ƙona cutar daji da haske mai ƙarfi. Tsakanin 1985 da 1987, sau shida injin ya zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima ƙwarai a asibitocin Amurka da Kanada, aƙalla mutum uku kuma suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuran yana fitowa ne kawai sa'ad da ma'aikaci ya gyara abin da ya shigar da sauri, cikin kamar daƙiƙa takwas. Mai bugawa a hankali ba zai taɓa ganinsa ba. Ma'aikatan da hannunsu ya riga ya faɗa su ne suka ci karo da shi. Injunan da suka gabace shi suna da makullan ƙarfe da na lantarki masu hana irin wannan haɗari, amma a wannan an cire su, aka dogara ga manhaja kaɗai.

Na biyu, rokar Turai mai suna Ariane 5. Ran 4 ga Yuni 1996 ta tashi karo na fari daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan'adam guda huɗu. Kafin ta cika minti ɗaya a sama ta kauce hanya ta tarwatse. Bincike ya nuna an ɗauko wani sashen manhajar daga tsohuwar roka, Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. Amma sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu. Wata lamba ta yi girma har ta wuce 32,767, wanda shi ne iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata zai iya ɗauka, sai na'urar da ke nuna wa rokar hanya ta tsaya. Ba a gwada wannan sashe da hanyar tafiyar sabuwar rokar ba, gama an ɗauka abin da ya yi aiki jiya zai yi yau.

Na uku, manhajar lissafin kuɗi mai suna Horizon, wadda hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da ita a 1999. Manhajar takan nuna kuɗi sun ɓace a ƙananan gidajen waya alhali ba su ɓace ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da waɗannan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Waɗansu sun shiga kurkuku, waɗansu sun rasa gidajensu da mutuncinsu. A 2019 Babbar Kotun Ingila ta tabbatar manhajar tana da kurakurai masu iya jawo irin wannan giɓi, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. A nan akwai waɗanda suka san da kurakuran tun da wuri, amma labarin bai kai ga waɗanda ake tuhuma ba.

Na fari ya koya mana mu gwada yadda mutane suke aiki a zahiri. Na biyu ya koya mana kada mu amince da abu domin ya tsufa. Na uku ya nuna cewa gano kuskure ba shi da amfani in an rufe bakin wanda ya gano shi.

Yadda ake zaɓen abin da za a gwada

A ce an ba ɗalibi manhajar da wata makaranta za ta riƙa fitar da sakamakon ɗalibanta da ita. Ana shigar da maki daga 0 zuwa 100, ita kuma ta ba da daraja bisa ma'aunin da muka saba da shi: 75 zuwa 100 A1, 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, 60 zuwa 64 C4, 55 zuwa 59 C5, 50 zuwa 54 C6, 45 zuwa 49 D7, 40 zuwa 44 E8, abin da ya gaza 40 kuma F9.

Wani zai ce a gwada kome da kome mana. Bari mu yi lissafi. Darasi ɗaya yana da maki iri 101. Takardar sakamako mai darussa tara tana iya fitowa ta hanyoyi 101 sau 101 har sau tara. Ko da muna da injin da zai gwada miliyan ɗaya kowace daƙiƙa, zai ɗauki fiye da shekara 34,000 kafin ya gama. Saboda haka dole a zaɓa, zaɓen kuwa shi ne gwanintar mai gwaji.

Dabara ta fari ita ce a raba lambobin gida-gida. In manhajar ta ba 82 darajar A1, babu bukatar a gwada 83 da 84 da 85, gama duk gidansu ɗaya. Lamba ɗaya daga kowane gida ta isa.

Dabara ta biyu ita ce a tsananta bincike a kan iyaka, domin a nan kuskure ya fi ɓoyewa, kamar yadda rigimar gona takan taso a kan iyaka. Za mu gwada 39 da 40, 44 da 45, 49 da 50, haka har zuwa 74 da 75. Iyakoki takwas ke nan, lambobi 16. Mu ƙara 0 da 100, da kuma lambobi biyu da bai kamata manhajar ta karɓa ba, wato 101 da abin da ya gaza sifiri da ɗaya. Da gwaji 20 mun rufe wuraren da suka fi haɗari. Ku lura da 49 da 50. In mai rubutun ya ce "fiye da 50" a maimakon "50 ko fiye", duk yaron da ya ci 50 daidai zai iya fita da D7 a maimakon C6. Mun san bambancin kiredit da fas a rayuwar ɗalibi.

Dabara ta uku ita ce a riƙa tambaya, in kaza ya faru fa? In malami ya bar gurbin maki babu kome fa, manhajar za ta ɗauke shi sifiri ne, ko za ta san yaron bai zauna jarrabawar ba? In an rubuta 74.5 fa? In an buga harafin O a maimakon sifiri fa? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana maki fa? In an danna maɓallin biyan kuɗin makaranta sau biyu domin intanet tana jan ƙafa, za a cire kuɗin sau biyu ne?

A nan ɗalibin da ya tashi a ƙasarmu yana da abin da zai kawo wanda baƙo ba shi da shi. Ya san sunayenmu suna da haruffa masu ƙugiya, kamar Ɗanladi da Ƙasimu, waɗansu kuma suna da alamar hamza, kamar Asma'u da Sa'idu. Manhaja da yawa takan mai da waɗannan haruffa alamar tambaya, ko ta ƙi karɓar sunan gaba ɗaya. Ya san lambar wayar hannu a Nijeriya tana da lambobi 11 kuma da sifiri take farawa, manhajar da ta ɗauke ta a kan adadin lissafi kuwa za ta yar da sifirin. Ya kamata kuma ya gwada ranar haihuwa ta 29 ga Fabrairu: a karɓe ta a 2000 da 2024, a ƙi ta a 2023 da 1900.

Rubuta rahoton kuskure

Turawa suna kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. Injiniyoyi sun daɗe suna amfani da kalmar tun kafin zuwan kwamfuta, amma akwai labarin da ya sa ta yi suna. Ran 9 ga Satumba 1947, ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard, inda Grace Hopper take aiki, suka tarar da ƙwaro na gaske, irin mai zuwa wurin fitila da dare, ya maƙale a cikin injin. Suka manna shi a littafin aikinsu, suka rubuta lokacin da wurin da aka same shi. Littafin yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. Abin koyi a nan shi ne sun rubuta lokaci, sun rubuta wuri, sun kuma ajiye shaida.

Rahoton da ya ce "sakamako ba ya fita daidai" ba ya taimakon kowa. Mai gyara zai ɓata yini yana nema, ya dawo ya ce shi bai ga kome ba. Rahoto mai kyau yana kama da wannan:

Kan magana: Maki 50 yana ba da D7 a maimakon C6.
Inda aka gwada: zubi na 2.1, a kwamfutar ofis, ta Chrome.
Matakai: (1) Shiga a matsayin malamin aji. (2) Zaɓi darasin Lissafi. (3) Shigar da 50 a gurbin jimla. (4) Danna maɓallin adanawa.
Abin da ake sa ran gani: C6, bisa takardar bukatu.
Abin da aka gani: D7.
Ƙarin bayani: an maimaita sau uku, duk haka ya fito. Maki 49 da 51 suna fita daidai. Ga hoton fuskar kwamfutar a haɗe.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai zai ga kuskuren da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Ku lura rahoton bai ambaci sunan wanda ya yi kuskuren ba, bai kuma yi zargi ba. Kamfanoni da yawa suna ajiye irin waɗannan rahotanni a manhaja kamar Jira, inda kowa zai ga wanda aka gyara da wanda ya rage.

Za a kuma bukaci ɗalibin ya faɗi abu biyu: girman lahanin, da gaggawar gyaransa. Ba kullum suke tafiya tare ba. Kuskuren harafi ɗaya a sunan makaranta ba ya hana manhaja aiki, amma in gobe za a buga takardun sakamako 600, gyaransa na gaggawa ne.

Bayan an gyara, aiki bai ƙare ba. Sai a sake gwada 50, sa'an nan a sake gwada sauran iyakokin duka, gama gyaran wuri ɗaya yakan ɓata wani. Wannan maimaici yana da gajiyarwa, shi ya sa ake rubuta ƙananan umarni domin kwamfuta ta riƙa yinsa da kanta, da kayan aiki irin su Selenium, wanda ya fito a 2004. Amma wanda bai iya tsara gwaji da takarda da alƙalami ba, injin ba zai tsara masa ba.

Amana

Wata rana za ta zo da lokaci zai ƙure. Mai kamfani yana son a saki manhaja ran Jumma'a, ɗalibi yana da gwaji 40 a jerinsa, ya yi 30. Abu mai sauƙi ne ya sa alamar "ya wuce" a kan sauran goma, ba wanda yake kallonsa. Kada ya yi haka. Ya rubuta "ba a gwada ba" a gaban kowannensu, ya kai wa mai duba aikinsa. Yanke shawarar a saki manhaja ko a dakata ba nasa ba ne, na manya ne. Nasa shi ne ya ba su labari na gaskiya da za su yanke shawara a kansa. Mai gwaji shaida ne, kuma abin da shaida ya gani shi kaɗai zai faɗa. Haka nan littafinsa na koyon aiki: ya cika shi kowace rana da abin da ya yi, kada ya bari sai makon ƙarshe ya zauna ya ƙaga.

Wani lokaci mai rubuta manhaja, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, zai ce masa wannan ai ba kuskure ba ne. Ɗalibin ya saurara da ladabi, gama mai yiwuwa shi ne bai fahimci takardar bukatu ba. In ya sake dubawa ya ga har yanzu abin bai yi daidai ba, ya nuna matakan a natse, ya bar rahoton a rubuce.

Akwai kuma amanar bayanan mutane. Mai gwaji yakan ga albashin ma'aikata, ko makin 'ya'yan maƙwabta, ko takardun marasa lafiya. Ba a ɗaukar hotonsu da waya, ba a hira da su a gida. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kamfanin da ya yi sakaci da su kuwa yana iya fuskantar tara. In da hali, a yi gwaji da sunaye da lambobi na ƙage.

Shiri tun daga yanzu

Ba sai kun mallaki kwamfuta za ku fara shiri ba. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya muna sa ku rubuta manufa, da kayan aiki, da matakai, da abin da kuka lura, da kammalawa. Wannan shi ne ƙashin bayan rahoton kuskure. Ɗalibin da ya rubuta ainihin abin da ya karanta a ma'auni, ko da bai yi daidai da na littafi ba, ya riga ya fara koyon aikin. A darasin Lissafi, ku kula da bambancin "ya fi" da "bai gaza ba". A darasin Turanci da na Hausa, ku koyi bayyana abu mataki-mataki yadda wani zai bi ba tare da ya dawo ya tambaye ku ba. Wanda ya so ya ci gaba a wannan fanni, akwai jarrabawar hukumar ISTQB, wadda aka kafa a 2002, takardar shaidarta kuwa ana karɓarta a ƙasashe da yawa.

Ga iyaye kuma, in ɗanku ko 'yarku ta dawo hutu ta ce gwaji aka sa ta yi a wurin koyon aiki, ku tambaye ta kuskure nawa ta gano, da wanda ya fi ba ta wuya.

Tambayoyi domin nazari

1. Faɗi kashi uku na kowane gwaji. Don me ake rubuta abin da ake sa ran gani tun kafin a fara?
2. Wata manhaja tana karɓar 'yan shekara 10 zuwa 13 kawai domin shiga aji ɗaya. Rubuta lambobi shida da za ka fara gwadawa, ka ba da dalili.
3. Wane darasi muka koya daga rokar Ariane 5 game da tsohuwar manhaja?
4. Ka lura da wani abu a wayar hannu ko na'urar cire kuɗi wanda bai yi aiki yadda ya kamata ba, ka rubuta rahotonsa bisa tsarin da muka nuna.
5. Lokaci ya ƙure, saura gwaji goma ba ka yi ba. Rubuta gajeren saƙon da za ka aika wa mai duba aikinka.